Majigi a tsakar gida: auna bango da wuta kafin ka zaɓi na'ura

Tun zamanin da motar majigi ke shiga garuruwa ana kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, Bahaushe ya san daɗin kallo a sarari. Yau na'urar ta ƙanƙance har tana shiga jaka, magidanci zai iya kafa ta a tsakar gidansa don kallon ƙwallo, ko fim da iyali a daren Sallah. Yawancin masu saye da na'urar suke farawa, alhali ita ya kamata ta zo ƙarshe. Fara auna bango, ka san irin wutar da kake da ita, sannan ka shiga kasuwa.

Girman allo shi ke yanke yawan hasken da kake bukata. Allo mai inci 100 (ana auna incin ne daga kusurwa zuwa kusurwa) faɗinsa santimita 221 ne, tsayinsa 125. Mai inci 120 kuwa 266 ne da 149, wato kusan murabba'in mita huɗu. Idan ana son haske irin na gidan silima, mai inci 100 yana bukatar kimanin lumen 420 (lumen shi ne ma'aunin hasken majigi), mai 120 kimanin 600, mai 150 ya haura 900. Wannan lissafin na baƙin duhu ne, tsakar gida kuwa ba ta samun irinsa: ga ƙwan maƙwabta, ga farin wata, ga fitilar sola ta bakin titi. Bayan haka, lambar da kamfani ke rubutawa ta saitin da ya fi kowanne haske ce, wanda kan sa hoto ya yi kore-kore. Da ka koma saitin kallon fim mai launi daidai, hasken ya ragu sosai. Saboda haka ga allo mai inci 120 ka nemi lumen 1,500 zuwa 2,500. Ga inci 80 zuwa 100, lumen 500 zuwa 1,000 sun isa in an kashe fitilun gida. Duk lokacin da ka ninka girman allo, hasken ya koma kashi ɗaya bisa huɗu.

Babu majigin da zai ja da rana. A Kano rana kan faɗi wajen ƙarfe 6 a Nuwamba, kusan ƙarfe 7 a Yuli, kuma sai an ƙara rabin awa kafin hoto ya fito sosai. Wasan la'asar a ɗaki za a kalle shi. Na tsakar gida na bayan isha'i ne.

A wajen lumen ɗin nan aka fi yaudarar mai saye. Za ka ga ƙaramin majigi mai araha an rubuta 9,000 ko 12,000 a kwalinsa, alhali hasken da ke isa bango bai fi 150 zuwa 300 ba. Lambar da za ka yarda da ita ita ce wadda aka rubuta ANSI ko ISO a gefenta, domin su ne ma'aunan da ake auna hasken a kan allo. Haka ma tsabtar hoto. Kwali zai ce yana karɓar 1080p ko 4K, amma karɓa daban, nunawa daban. Nemi kalmar "native" a takardar na'urar, wato ainihin yawan ɗigon hoton da take nunawa: in ka ga 800×480, sunayen 'yan wasa da fassarar da ke ƙasan fim za su dusashe a babban allo. 1280×720 yana yi har inci 90 ko 100. Ga inci 120, a ganinmu 1920×1080 shi ne daidai, kuma kuɗin da za ka ƙara don 4K gara ka zuba shi a haske da sauti.

Iri uku za ka tarar a kasuwa. Akwai masu gilashin LCD guda ɗaya, su ne masu arahar nan. Suna yi wa yara a ɗaki, amma gefen hotonsu yakan yi dishi-dishi ko da tsakiya ta fito, ƙura na shiga cikinsu, kuma in zafi ya daɗe yana dukan gilashin sai ka ga tabo ruwan ƙasa ya fito a tsakiyar hoto. Akwai 3LCD, wato masu gilashi uku, irin na Epson, masu launi mai ƙarfi da haske. Raunin su shi ne da matatar iska suke aiki, a lokacin hunturu kuwa matatar na toshewa da wuri, sai an riƙa cire ta ana kakkaɓewa duk mako ɗaya ko biyu. In ƙurar ta wuce ta sauka a kan gilasan ciki, za ka ga dunƙule-dunƙule a hoto, sai mai gyara ya buɗe. Sai DLP, masu aiki da ƙananan madubai, irin na BenQ da Optoma da ViewSonic. Da yawansu hanyar haskensu a rufe take, don haka sun fi jure ƙurar Arewa. Aibinsu, wasu mutane kan ga walƙiyar ja da kore da shuɗi idan suka juya ido da sauri. Ka kalla na minti goma a shago ka gani ko kana cikinsu.

Abin da ke ba da hasken ma ya bambanta, kuma a nan ne maganar wuta ta shigo. Mai ƙwai shi ya fi ba da haske a kuɗi kaɗan, amma yana jan wat 250 zuwa 350, ƙwan kuma yakan yi awa 3,000 zuwa 6,000 kafin a sauya shi, yana dusashewa a hankali tun kafin nan. Ƙwan yana yin zafi ƙwarai, shi ya sa fanka ke ci gaba da juyawa bayan an kashe. Idan aka ɗauke wuta ana tsaka da kallo, fankar ta tsaya, zafin ya zauna a ciki. In hakan ya yawaita ƙwan ba ya kai kwanansa. Kada kuma a yi gaggawar kunna shi da zarar an tada janareta, a ba shi 'yan mintoci ya huce. Mai LED yana kai awa 20,000 zuwa 30,000, ƙanana daga cikinsu wat 50 zuwa 100 suke ja, ɗauke wuta bai dame su ba, sai dai haskensu bai kai na mai ƙwai ba. Mai leza ya haɗa haske da tsawon rai, kimanin awa 20,000, amma shi ya fi tsada.

Yi lissafin da batirinka. Wasa ɗaya da hutun rabin lokaci kusan awa biyu ne. Majigi mai wat 300 zai sha wat-awa 600. Batir mai bolt 12 da amp-awa 100 yana ɗauke da 1,200, kuma in na dalma ne ba a so a sha fiye da rabinsa. Ke nan wasa ɗaya ya cinye rabon, ba a ma sa dikoda da lasifika ba. Mai LED na wat 80 kuwa 160 kawai zai sha. Wanda ya dogara da sola ƙarama, gara ya rage allo zuwa inci 90 ya ɗauki LED. Mai janareta zai iya ɗaukar mai ƙwai, amma ya sa sitabilaiza ko UPS a tsakani, ya kuma ajiye injin nesa saboda ƙara da hayaƙi.

Nisa tsakanin na'ura da bango ana samunsa ne daga lambar da ake rubutawa "throw ratio": ka ninka ta da faɗin allo. Mai 1.5 yana bukatar mita 3.3 don inci 100, mita 4 don inci 120. Mai 0.5 daga mita 1.3 zai cika inci 120, abin da ya dace da ƙaramar tsakar gida da yara ke gilmawa, sai dai yana tona duk wani tudu da kwarin da ke jikin bango. Ajiye na'urar daidai tsakiyar allo a kan tebur marar girgiɗi. Maɓallin da ke miƙe hoto in an karkace yana yanke wani ɓangare na ɗigon hoton ne, don haka gara ka gyara zaman teburin.

Allo mafi arha shi ne bangon da aka yi wa filasta sumul aka shafa farin fentin ruwa shafi biyu. Fentin mai yana ƙyalli, zai bar wuri ɗaya yana haska ido. In bangon bai yi ba, haɗa firam da bututun roba na famfo ka ɗame farin yadi mai kauri, ka sa baƙin yadi a bayansa don kada haske ya ratsa ya ɓata. Ɗaure shi ta kusurwa huɗu, domin yadi mai murabba'in mita huɗu iska kaɗan ke kifar da shi. Allon da ake hura wa iska yana da kyau a fili, amma yawancinsu injin hurawar ba ya tsayawa, ga ƙara ga shan wuta. Ƙasan hoto ya tashi santimita 60 daga ƙasa in a tabarma za a zauna, 90 in a kujeru ne.

Lasifikar cikin majigi wat 3 zuwa 10 ce, a sarari ba ta zuwa ko'ina. Jawo waya zuwa lasifika ta daban ka ajiye ta ƙarƙashin allo. Bluetooth yakan sa magana ta zo bayan baki ya motsa. In hoto ya fito babu murya, yawanci na'urar ce ba ta gane tsarin sauti na Dolby. Shiga saitin dikoda ka mayar da sautin PCM. Kuma a tuna da haƙƙin maƙwabta, musamman masu tashi asuba.

Dikodar DStv ko StarTimes ta HDMI take shiga, wayar kada ta wuce mita 10 in ta yau da kullum ce. Netflix ba ya yarda a haska shi daga waya kai tsaye, baƙin allo za ka gani. Sai da wata na'ura irin Fire TV Stick ko Chromecast da ake sokawa a HDMI, kuma hoto mai tsabta yana iya shan data har gigabait 3 a awa.

Na hannu, irin waɗanda ofisoshi da makarantu suka sauke, suna da haske da araha, amma da yawansu 1024×768 ne, wasu ma babu HDMI. Kada ka saya sai an kunna a gabanka. Shiga saiti ka duba awannin da ƙwan ya yi, ka tambayi kuɗin sabon ƙwai na wannan samfurin. Sa a nuna farin shafi: tabon rawaya a LCD alamar ƙuna ce, fararen ɗigo kamar taurari a DLP alamar ƙananan maduban ciki sun fara mutuwa. Bar shi a kunne minti ashirin ka ga ko zai kashe kansa don zafi.

A gida, bar masa tazarar rabin mita ta wajen da iska ke fita, kada a kunna maganin sauro na hayaƙi kusa da shi domin hayaƙin na manne wa gilashi, da damina kuma a lura da shinge da ƙwari da ke bin haske. Yawancin na'urorin an ƙera su ne don zafin da bai wuce digiri 35 zuwa 40 ba, saboda haka a daren bazara a sa shi a saitin rage haske. Da an gama kallo, a bari fanka ta tsaya da kanta, a rufe idon, a mayar da shi jaka a shigar ɗaki kafin raɓa ta sauka.