Kwana Shida na Farawa: Kwanaki Irin Namu ko Zamanai Masu Tsawo?

Masu bi da ke karanta Farawa sura 1 a Littafi Mai Tsarki, inda aka ce Allah ya halicci duniya cikin kwana shida, sun kasu kashi biyu. Kashi na farko sun ce kwana shidan nan kwanaki ne irin namu, awa 24 kowanne. Hujjarsu ba ta wasa ba ce: an ambaci maraice da safiya a kowace rana, kuma Fitowa 20:11 ta ɗora dokar Asabar a kan wannan mako. Bishop James Ussher na Ireland ya bi lissafin zuriyoyi a 1650, ya ce an yi halitta a shekara ta 4004 kafin haihuwar Almasihu. Babban abin da ke damunsu shi ne mutuwa: in dabbobi sun daɗe suna mutuwa kafin Adamu, ina za a kai Romawa 5:12, wadda ta ce mutuwa ta shigo duniya ta wurin zunubin mutum ɗaya?

Kashi na biyu suna ganin zamanai ne masu tsawo, ko kuma tsari ne na koyarwa. Suna tambaya: tunda sai a kwana na huɗu aka yi rana da wata, da me aka auna ukun farko? Kwana na bakwai kuwa ba a ambaci maraicensa ba. Wannan ra'ayi ba Darwin, mai koyarwar juyin halitta, ne ya haife shi ba. Tun ƙarni na 5 Augustine na Hippo, babban malamin coci, ya koyar cewa Allah ya halicci komai a lokaci guda.

Ni dai na fi karkata ga na biyu, domin awon duwatsu ya nuna duniya ta kai shekara biliyan 4.5. Amma tambayar mutuwar nan tana da nauyi, kuma masu ra'ayin zamanai sukan wuce ta da gaggawa.