Ofishin hana rasa muhalli na ƙaramar hukumarmu a Ingila: sun taimaka, amma ina lissafin kuɗin?

A hunturun shekarar 2024 na raka wata maƙwabciyarmu, bazawara mai 'ya'ya uku, zuwa ofishin gidaje na ƙaramar hukumar da muke zaune a arewacin Ingila, domin in yi mata tafinta. Bashin haya na wata biyu ya taru a kanta bayan an rage mata awannin aiki, sai mai gidan ya miƙa mata takardar tashi ta Sashe na 21, wadda a lokacin take ba shi damar neman gidansa bayan wata biyu ba tare da ya faɗi dalili ba. Dokar rage rashin muhalli ta 2017, wadda ta fara aiki a Afrilun 2018, ta wajabta wa ƙananan hukumomin Ingila su taimaki duk wanda ya cancanta kuma yake fuskantar rasa matsuguni cikin kwana 56, su kuma rubuta masa tsarin matakan da za a bi. Da wannan dokar muka dogara muka tafi.

Mun yi zaman jira na kusan awa biyu, 'yar autarta tana barci a kafaɗarta, ita kuwa tana riƙe da leda cike da rasit-rasit na haya. Abu na farko da jami'ar ta nema shi ne fasfo da takardar izinin zama, kuma ya kamata 'yan'uwanmu su san wannan tun daga gida, domin wanda bizarsa ta hana shi cin gajiyar kuɗin gwamnati, kamar yawancin ɗalibai da ma'aikatan da suka shigo kwanan nan, ba ya cikin waɗanda wannan tallafi ya shafa. Da takardunta suka cika, jami'ar ta saurare ta da natsuwa, ta kira mai gidan a gabanmu, kuma cikin mako uku aka biya bashin kai tsaye, shi kuma ya janye takardar. A wannan ɓangare ba ni da abin cewa sai yabo.

A nan ne maƙwabciyar tawa ta juyo ta ce mini, "Yaya, tambaye ta, kuɗin nan bashi ne ko kyauta, kuma na wane ne?" Jami'ar ta amsa cewa daga tallafin gwamnatin tsakiya yake, amma ba ta san nawa aka ba ƙaramar hukumar ba, ba ta kuma san nawa ya rage ba. Tambayar ta tsaya mini a rai har na shiga bin diddigi.

An kafa wannan tallafi na hana rasa muhalli a 2021, inda aka raba wa ƙananan hukumomin Ingila fam miliyan 310 a shekarar farko. Sai dai a shekarar kuɗi ta 2023 zuwa 2024, abin da suka kashe a kan masaukin wucin gadi kaɗai, wanda ya haɗa da otal-otal da ɗakunan da ake haya dare-dare, ya haura fam biliyan 2. Ma'ana, kuɗin da aka yi niyyar tare gobara da shi tun tana hayaƙi, kaso mai yawa nasa yana tafiya ne wajen kwashe toka, shi ya sa a shekarar 2025 zuwa 2026 gwamnati ta gindaya sharaɗin cewa kashi 49 cikin 100 na tallafin sai a kan rigakafi da agaji da ma'aikata za a kashe shi. Da na nemi sanin yadda tamu ƙaramar hukumar ta raba nata kason, sai na tarar da jerin duk abin da ta biya sama da fam 500, wanda ƙa'ida ta tilasta mata wallafawa, amma sunayen kamfanoni ne da lambobi, babu inda aka nuna wanne ya fito daga wannan asusu. Na rubuta musu a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2000, suka amsa cikin kwana 20 na aiki kamar yadda doka ta ce, amma jimla ɗaya dunƙulalliya suka turo, ba tare da adadin iyalan da aka ceto daga kora ba.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne batun jin ra'ayin jama'a. Dokar rashin muhalli ta 2002 ta ce kowace ƙaramar hukuma ta sabunta tsarinta na yaƙi da rashin muhalli aƙalla duk shekara biyar, bayan ta yi tuntuɓa. Taron da na halarta an sa shi ne da safiyar ranar aiki, lokacin da ɗan haya yake bakin nemansa, kuma waɗanda suka cika ɗakin masu gidaje ne da ma'aikatan ƙungiyoyin agaji. Ba a gayyaci masallatai da coci-coci ba, alhali su ne wuraren da mutum yake fara kai kukansa kafin ya iya cire kunya ya tunkari ofis.

Duk da haka ina ba duk wanda aka miƙa wa takardar tashi shawarar ya je ofishin a ranar, ya nemi a ba shi kowane hukunci a rubuce, domin kwana 21 kaɗai yake da su na neman a sake dubawa. Mu kuma mun yi magana da kansilar unguwarmu, kuma idan aka buɗe kwana 30 na aiki da dokar binciken kuɗin ƙananan hukumomi ta 2014 ta ba jama'a su duba littattafan kuɗin hukuma, ni da maƙwabciyar tawa za mu je mu nemi rasit-rasit na wannan asusu.