Ƙamus ɗin Oxford na sunayen dangi a intanet: na gwada shi da sunan Walker

Shekara da shekaru ina jin masu sharhin ƙwallon ƙafa suna ambaton Kyle Walker, ɗan wasan baya na Ingila wanda aka haifa a Sheffield a 1990, kuma ban taɓa shakkar cewa ma'anar sunansa ita ce mai tafiya a ƙasa ba, tun da abin da kalmar ke nufi ke nan a Turancin yau. Ranar da na gane cewa na yi kuskure ita ce ranar da na fara amfani da ƙamus ɗin da nake son yin bayani a kansa, wato The Oxford Dictionary of Family Names in Britain and Ireland, wanda ake iya karantawa a intanet ta dandalin Oxford Reference. Na daɗe ina leƙa shi, na duba sunaye masu yawa, amma zan gina wannan sharhi a kan suna guda da 'yan'uwansa biyu, domin a gare su ne na fi ganin ƙarfin aikin da kuma inda ya tsaya.

An buga ƙamus ɗin a 2016 cikin mujalladi huɗu, ƙarƙashin jagorancin Patrick Hanks da Richard Coates da Peter McClure, bayan wani dogon bincike da aka gudanar a wata jami'a da ke birnin Bristol. Ya ƙunshi sunaye fiye da 45,000, kuma ƙa'idar shigar da suna ita ce a sami aƙalla mutum 100 masu ɗauke da shi a wannan zamani, ko kuwa ya kasance yana da mutum 20 a ƙidayar jama'a ta 1881. Kowane suna yana da tsari iri ɗaya. Ana farawa da adadin masu sunan a yau a Birtaniya da Ailan, sai adadinsu a 1881, sai gundumomin da suka fi taruwa a wancan lokaci, sannan bayanin asalin kalmar, daga ƙarshe kuma jerin mutanen da aka samu da sunan a tsofaffin takardu, kowanne da shekararsa da gundumarsa da takardar da aka tsinto shi. Wannan sashe na ƙarshe shi ne ya sa na amince da aikin, domin mai karatu yana ganin hujjar da idonsa, ba a ce masa ya yarda kawai ba.

Asalin sunan Walker sana'a ce ta masu gyaran tufar ulu. A Ingila ta zamanin da, idan masaƙi ya sauke tufa daga masaƙa, takan fito sakwa-sakwa, cike da maiƙon gashin tumaki, ana iya hango haske ta tsakanin zarenta, saboda haka ba ta sawuwa sai an wanke ta an kuma matse ta. Sai a jefa ta cikin komi mai ruwa, a zuba wani irin yumɓu mai shanye maiƙo, mutum ya shiga da ƙafafunsa ya yi ta tattakawa na tsawon sa'o'i, har gashin ya cuɗe da juna, tufar ta tsuke, ta yi kauri, ta iya tare sanyi da yayyafi. Daga nan a ɗauraye ta, a shanya a kan katako mai ƙugiyoyi domin kada ta motse ta karkace. Wanda ke wannan tattakawa shi ake kira wealcere a tsohon Turanci, daga wata kalmar aiki mai nufin mirginawa ko jujjuyawa, kuma daga wannan tushe ne kalmar tafiya ta Turancin yau ta samo asali. Ashe sunan da kalmar da na sani dangin juna ne, sai dai ma'anar da na ɗora wa sunan ba ita ce ta haife shi ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne abin da ya bayyana da na jera wannan suna da wasu biyu, Fuller da Tucker. Duk ukun sana'a ɗaya suke nufi, bambancinsu na karin harshe ne kawai. Mutanen arewacin Ingila da tsakiyarta, irin su Yorkshire da Lancashire, har zuwa cikin Sikotilan, Walker suke cewa. Mutanen kudu maso gabas da gabashin ƙasar, wajen Kent da Sussex da Norfolk, sun riƙi Fuller, kalmar da ta samo asali daga fullo ta Latin. Su kuwa mutanen kudu maso yamma, musamman Devon da Somerset, Tucker suke cewa, daga wata tsohuwar kalma mai nufin azabtarwa ko wahalarwa, wanda ya dace da irin dukan da tufar ke sha. Idan mutum ya buɗe sunayen uku ya karanta layin da ke nuna inda kowanne ya fi yawa a 1881, zai tarar cewa wannan rabo na karin harshe, wanda ya kafu ɗaruruwan shekaru kafin ƙidayar, yana nan bai goge ba, duk da jiragen ƙasa da masana'antu da ƙaura zuwa birane da suka gauraya jama'a a ƙarni na 19. Haihuwar ɗan ƙwallon nan a Sheffield, cikin Yorkshire, ta faɗa daidai tsakiyar yankin da sunansa ya fi kafuwa.

Kafin mai karatu ya ci moriyar jerin tsofaffin takardun nan, yana bukatar ɗan sanin yadda sunayen dangi suka fara a Ingila. Kafin mamayar da Normawa, mutanen arewacin Faransa, suka yi wa Ingila a 1066, yawancin mutane suna ɗaya gare su, sai dai laƙabi da ke mutuwa tare da mai shi. Manyan masu ƙasa ne suka fara gadar da suna ga 'ya'yansu, daga baya al'adar ta sauko ga talakawa sannu a hankali, ta riga kafuwa a kudu kafin arewa, har ya zamana wajen shekarar 1400 yawancin iyalan Ingila suna da sunan gado. Wannan na nufin cewa idan aka ga wani an rubuta shi da laƙabin Walker a ƙarni na 13, mai yiwuwa ne sana'arsa ce ake faɗa, ɗansa kuma ya tashi da wani laƙabin dabam. Takardun harajin kai na 1377 da 1379 da 1381, wanda na ƙarshensu ya tayar da boren manoma, suna da daraja ƙwarai saboda sun kama sunayen talakawa a daidai lokacin da laƙabi ke rikiɗa ya zama gado. Bayan su sai rajistar majami'u ta baftisma da aure da jana'iza, wadda Thomas Cromwell, babban wazirin sarki Henry na Takwas, ya ba da umarnin a fara a 1538, sai rajistar gwamnati ta haihuwa da aure da mutuwa daga 1837. Masu ƙamus ɗin sun yi ƙoƙarin haɗa shaidar zamanin da da ta bayan 1538, domin a ga ko sunan da aka samu a wata gunduma a can baya shi ne ya ci gaba a wurin, kuma ta haka suka gyara bayanai da dama na ƙamus ɗin P. H. Reaney na 1958, wanda aka daɗe ana dogaro da shi.

Wani abin lura shi ne cewa sunan ya tsira bayan da tattakawa da ƙafa ta fara ja da baya. Tun a 1185 an rubuta labarin injinan gyaran tufa masu aiki da ruwa a Ingila, inda ruwan kogi ke juya wata babbar ƙafa mai kama da ta keke, ita kuma ta riƙa ɗaga manyan gudumomin katako suna faɗawa kan tufar. Aikin ya koma hannun inji, sunan ya zauna a kan mutane, har ya zama ɗaya daga cikin sunaye ashirin da suka fi yawa a Ingila.

A nan ne na ga gaskiyar masu wannan aiki, kuma ita ce dalilin da ya sa nake yaba shi. Sana'ar da ake yi a kusan kowane gari mai saƙa ba za ta haifar da dangi ɗaya ba, sai dai dangogi masu yawa waɗanda ba su haɗa jini ba, kowannensu ya samo sunan daga kakansa na dabam. Ban da haka, sunan yana da wasu ƙofofin shigowa. Akwai unguwa mai suna Walker a gabashin Newcastle, wadda sunanta ke nufin fadamar da ke kusa da ganuwa, wato ganuwar da Rumawa suka gina a zamanin sarki Hadrian, kuma mutumin da ya fito daga can yana iya ɗaukar sunan ba tare da ya taɓa tufa ba. A tsaunukan Sikotilan kuma akwai masu sunan Mac an Fhucadair a harshen Gelik, ma'ana ɗan mai gyaran tufa, waɗanda suka mayar da sunansu Walker da Turanci ya yi rinjaye. Tsarin ƙamus ɗin shi ne ya jera bayanai dabam-dabam a ƙarƙashin suna ɗaya idan asalin ya fi ɗaya, kowanne da lambarsa, ya bar wa mai bincike aikin gano wanne ne ya shafi gidansu ta hanyar bin takardun iyalinsa ɗaya bayan ɗaya.

Na kwatanta wannan da abin da wasu shaguna ke sayarwa a intanet, wato takarda mai ado wadda aka rubuta tarihin suna a kanta, aka kuma zana garkuwa mai launuka da aka ce tambarin dangi ce. Na karanta samfurin irin waɗannan takardu da dama, kuma abin da ya dame ni shi ne yadda suke ɗauko wani basarake guda mai sunan, su miƙa tarihinsa da tambarinsa ga duk wanda ya biya, kamar dai kakan kowa ne. A dokar Ingila babu tambarin da ya zama mallakar suna. Hukumar College of Arms da ke Landan, wadda sarki Richard na Uku ya ba izinin kafuwa a 1484, mutum guda take bai wa tambari, ya gadar wa zuriyarsa, kuma wanda ya yi tarayya da shi a suna kawai ba shi da haƙƙi a kai. Yana ɓata mini rai in ga an sayar wa jikan mai tattaka tufa labarin jarumin da bai haɗa komai da shi ba, alhali tarihinsa na gaskiya, na mutanen da suka tsaya cikin ruwan sanyi suna gina sana'ar da ta arzuta ƙasarsu, ya isa abin alfahari.

Ƙamus ɗin yana da iyakokinsa, kuma ya kamata mai niyyar amfani da shi ya san su tun da wuri. Cikakken bayani ba kyauta ba ne, sai da rajistar biya ko ta hannun ɗakin karatu ko jami'ar da ta riga ta biya. Sunayen gundumomi da na takardu a gajarce suke, saboda haka wanda bai san ƙasar ba sai ya ajiye taswirar tsofaffin gundumomin Birtaniya a gefensa, ni ma haka na yi kafin rabon sunayen nan uku ya fito mini sarai. Suna mai ƙarancin jama'a da bai kai ƙa'idar da na ambata ba yana iya zama babu shi. Akwai kuma taƙaitaccen bugu na mujalladi ɗaya da Harry Parkin ya shirya a 2021, wanda ya fi sauƙin mallaka ga mai son asalin suna a gajarce.

Babbar iyakar a ganina ita ce ta teku, domin aikin ya tsaya a Birtaniya da Ailan, su kuwa sunayen ba su tsaya nan ba. Walker ya bi masu ƙaura zuwa Amurka da Kanada da Ostareliya, shi ne ma sunan gidan mahaifiyar tsohon shugaban Amurka George Herbert Walker Bush. Ya kuma shiga gidajen baƙaƙen fata na Amurka da tsibiran Karebiyan ta hanyar bauta da abin da ya biyo bayanta, inda wasu suka ɗauki sunan wanda ya mallake su, wasu kuma suka zaɓi suna da kansu bayan samun 'yanci. Shahararriyar 'yar kasuwar nan ta Amurka Madam C. J. Walker, wadda aka haifa a 1867 da suna Sarah Breedlove, ta hanyar aure ta samu nata. Tucker kuwa ya kafa reshe a yankin Sherbro na Saliyo tun ƙarni na 17, ta wurin wani ɗan kasuwa Bature da ya auri 'yar gidan sarauta a can. Wanda ke ɗauke da ɗaya daga cikin sunayen nan a Freetown ko Kingston ko Atlanta zai sami asalin kalmar a wannan ƙamus, tare da shaidar da ta tabbatar da shi, amma yadda sunan ya iso gidansu sai ya nema a takardun ƙasarsa, a rajistar majami'a da ta aure da ta ƙidaya, yana ja da baya daga mahaifinsa zuwa kakansa.