Zoom F3 a hannun mai ɗaukar sauti: daga filin hawan Sallah zuwa fadamar Dagona

Sana'ata haɗa sauti ce, na wasan kwaikwayon rediyo da gajerun finafinai, kuma abin da ya sa na sayi rakodar ɗaukar sauti Zoom F3 shi ne na gaji da aron sautin ƙasashen wasu. Duk ɗan wannan sana'a ya san yadda ake yi: darakta ya ce a sa kukan tsuntsaye a fitowar ƙauye, sai a buɗe abin da aka sauko daga intanet, a ɗauko na wani daji a Turai a liƙa. Ba mu muka fara ba. Finafinan Amurka sun daɗe suna sa dariyar kookaburra, tsuntsun Ostireliya, a dajin da suka ce na Afirka ne. Sai dai mutumin da ya tashi da kukan kurciya da carar zakara, kunnensa na gaya masa akwai ƙarya a wurin, ko da ba zai iya nuna ta ba.

Kamfanin Zoom na Japan ne ya fito da rakodar a 2022. Ƙarama ce, tana zama a tafin hannu, tana aiki da batir AA guda biyu ko da fawa bank ta USB-C. Babu makirfo a jikinta, ramukan XLR biyu ne kawai, wato inda ake jona wayar makirfo, don haka mai shirin saye ya sa kuɗin makirfo a lissafinsa tun farko.

Abin da ya bambanta ta da rakodojin da na saba da su shi ne babu maɓallin saita ƙarfin shigar sauti. Tana ɗauka ne a tsarin 32-bit float, wato tsarin adana sauti da ke ba da damar ƙara ko rage ƙarfinsa daga baya ba tare da ya lalace ba, kuma a cikinta akwai na'ura biyu masu mai da sauti lambobi, ɗaya na kula da sauti mai taushi, ɗaya mai ƙarfi. Na ga amfanin wannan a hawan Sallah. Ina tsaye gefen hanya ina ɗaukar takun dawakai da ƙarar kayan adonsu, ga kakaki na tasowa daga nesa, sai 'yan bindiga suka saki harbi kusa da ni. A rakodar da, wannan wurin ya fashe ke nan, sai dai a yanke shi. A nan kuwa da na buɗe a kwamfuta na ja shi ƙasa, sai ga harbin cikakke, har amsa-kuwwar da ya yi a jikin katanga, da ihun yaran da ya biyo baya. A lura dai, idan makirfon kansa ya kasa ɗaukar ƙarar, babu abin da rakoda za ta iya gyarawa.

Inda ta fi shiga raina shi ne Dagona, a fadamar Haɗeja da Nguru cikin Jihar Yobe, inda tsuntsayen Turai ke sauka lokacin hunturu. Na kafa makirfo biyu a bakin ruwa kafin asuba, na ja da baya na zauna da hedifon a kunne. Da farko kwaɗi da gyare ne. Can sai ladan daga wani ƙauye, iska na kawo muryarsa tana ɗaukewa. Gari na wayewa dinya suka tashi, ana jin fukafukansu na dukan ruwa, ciyawar kachalla na goga juna, wani masunci ya wuce yana tura kwale-kwale da sanda, kowane turi da ɗigar ruwansa. Ƙananan rakodoji kan bar wani "shuu" a ƙarƙashin irin wannan shiru. Wannan nata bai kai ya dame ni ba. Kuma tunda ba na gadin ma'aunin ƙarfin sauti, hankalina gaba ɗaya ya koma kan sauraro, wanda shi ne ainihin aikin.

A ɗaukar nan akwai babur da ya wuce a nesa da injin ban ruwa da aka tayar. Wanda nake yi wa aikin ya ce a cire su, muka sa wata manhajar share hayaniya mai aiki da ƙirƙirarriyar basira. Ta cire injin, amma ta haɗa da kwaɗin da iskar da faɗin wurin, tsuntsayen suka koma kamar an kulle su a tulu. Na roƙe shi muka koma kan na asali, na rage injin kaɗan da hannu na bar shi a can ƙasa. Fadamar nan mutane ne a cikinta, suna noma suna kamun kifi, injin nasu ne. Wanda ya goge shi ya ba mai sauraro wurin da babu shi a duniya. Ban ƙi gyara ba, kullum ina yi, musamman a kan muryar ɗan wasa. Abin da nake ƙi shi ne a wanke wuri har ya rasa kamanninsa.

Ga mai fita daji da ita, iskar hunturu ce babbar abokiyar gaba. Ba tare da rigar gashin nan da ake sa wa makirfo ba, gurnanin iska kawai za ka kwaso. Makirfo masu buƙatar wutar 48V daga jikin rakodar suna cin batir, saboda haka fawa bank ba ta barin jakata. Fayilolin suna da nauyi, a tanadi katin memori mai girma, a kuma tabbatar manhajar da ake tacewa da ita tana karɓar 32-bit float. Ƙura kuma, a riƙa rufe ramukan idan ba a aiki.

Ɗan jarida mai neman abin da zai zaro daga aljihu ya miƙa wa mutum, ya nemi mai makirfo a jiki irin rakodar Zoom H1n, ta fi dacewa da shi kuma ta fi sauƙin kuɗi. F3 ta mai niyyar zama ce, ya kafa makirfo ya jira wuri ya yi magana. Wanda aikinsa ke nan, ina ba shi shawarar ya saya, kuma idan kuɗin bai isa komai ba, ya fara da makirfo ɗaya mai kyau, na biyun ya biyo baya.