Ya sayar min da littafi na uku, alhali Octavia Butler ba ta rubuta shi ba

Tauraro biyu na ba wannan sayayya, kuma duka biyun na marubuciyar ne, mai shagon ba shi da ko rabi a ciki. Masu sayen littattafan Turanci ta waya sun san irin shagunan da nake nufi, waɗanda ke jera littattafai tsaf a kan farin ƙyalle su ɗauki hoto, ka tura kuɗi, su kai wa direba tasha. Ba zan kama sunansa ba. In ya karanta zai gane kansa.

Tallansa cewa ya yi cikakken saiti ne na Octavia Butler, marubuciyar ƙagaggun labaran kimiyya 'yar Amurka, guda uku. Kafin in biya sai da na tambaye shi, "Malam, ukun nan labari ɗaya ne daga farko har ƙarshe?" Ya ce, "Hajiya, cif-cif, ba sai kin nemi ƙari ba." Saƙo ya iso an ɗaure shi da roba, kowane littafi an manna masa 'yar farar takarda a bango, an rubuta 1, 2, 3 da jan biro. A kan na ukun takardar ta rufe rabin sunan littafin. Allah ne masanin zuciya, amma har yau ina zargin ba tsautsayi ba ne.

Na ɗaya, Parable of the Sower, ya fito a 1993, amma labarin a shekarar 2024 ya fara. Yarinya ce 'yar shekara 15, Lauren Olamina, 'yar wani fasto, a wata unguwa mai katanga kusa da Los Angeles. Ruwan sha ya fi man fetur tsada. 'Yan sanda ba sa zuwa sai an biya su, in sun zo ma ba lallai su tsinana komai ba. Mazan unguwa na raba kwanan sintiri, ga wata ƙwaya da ke sa masu shanta su cinna wa gidajen mutane wuta don jin daɗi kawai. Duk wanda ya taɓa zama a layin da ake karo-karon kuɗin 'yan sintiri ba ya bukatar a yi masa bayanin fargabar da ke cikin littafin nan. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne jakar da yarinyar ta haɗa a ɓoye tun ana zaune lafiya: 'yan kuɗi, irin shuka, taswira, takalmi, abin ɗiban ruwa. Ta yi wa ƙawarta maganar shiri, aka kai ƙararta wajen manya wai tana tsorata yara. Da katangar ta faɗi a 2027, wannan jakar ta ɗauka ta bi babban titi a ƙafa ta yi arewa.

Akwai inda ba mu jitu da littafin ba. Lauren ta ƙirƙiro wata aƙida tata, tana rubuta baitoci a kanta, kuma abin da take faɗa game da Ubangiji ba abin da musulmi zai gyaɗa wa kai ba ne. Na karanta shi a matsayin tunanin yarinyar da duniyarta ta ruguje, na wuce. Mai niyyar saya wa 'yarsa ya san da wannan tukuna, ya kuma san akwai kisa da fyaɗe da aka faɗa ba a sakaye ba.

Na biyun, Parable of the Talents na 1998, ya fi ɗaci. Wani ɗan siyasa mai suna Jarret ya hau mulki da alkawarin dawo wa Amurka da girmanta, magoya bayansa suka far wa ƙauyen da su Lauren suka kafa, suka sa wa manya ƙwanƙwaron lantarki a wuya, suka kwashe yara suka raba wa wasu gidaje. 'Yar da aka ƙwace ɗin ce ke ba da wani ɓangare na labarin bayan ta girma, kuma ba ta yafe wa uwarta ba. Wannan ya ba ni haushi, ya kuma burge ni, don marubuciya mai son a yaba wa jarumarta ba za ta bari 'yar cikinta ta tsaya tana tuhumarta haka ba. A ƙarshe, a shekarar 2090, kumbo ya tashi da mabiyan Lauren zuwa wata duniyar. Nan aka ajiye ni. Na miƙa hannu na ɗauko mai lamba 3 ina ɗokin in ga inda suka sauka.

Na buɗe, sai ga ni a shekarar 1690, a wata gona a ƙasar Ibo, wani mutum yana leƙen wata tsohuwa daga cikin daji.

Babu kumbo, babu Lauren, babu ko jikanta. Na ɓare takardar da aka manna, sunan littafin Wild Seed. Na ɗauki hoto na tura masa. Amsar farko, "Hajiya haka kamfani ya haɗo su." Na ce wane kamfani ne ke rubuta lamba da jan biro? Ya yi shiru har washegari. Da ya dawo sai ya sauya baki, "Ki yi haƙuri Hajiya, ainihin na ukun ne ya ƙare a kasuwa, amma na yi magana da mutanenmu na Legas, da ya shigo zan aiko miki, kuɗin mota kawai za ki biya."

Wannan maganar ce ta fi ƙona min rai, fiye da kuɗin, domin kafin ya turo ta na riga na bincika. Littafin da yake cewa zai shigo daga Legas babu shi a duniya. Butler ta yi niyyar rubuta shi, har suna ta sa masa, Parable of the Trickster, kuma labarin waɗanda suka tafi a kumbon ne. Ta yi ta farawa tana watsarwa shekara da shekaru, ga hawan jini, ga magungunan da ta ce suna dakushe mata kai. Da abin ya ƙi, ta ajiye ta rubuta wani daban, Fledgling, wanda ya fito a 2005. A ranar 24 ga Fabrairun 2006 ta faɗi a ƙofar gidanta a Lake Forest Park da ke jihar Washington, ta mutu tana da shekara 58. Guntayen abin da ta fara suna nan cikin takardunta a ɗakin karatu na Huntington a Kalifoniya. To su wane ne mutanen Legas da za su ƙarasa mata?

Kuma ba matar da za a yi wa sunanta irin wannan cinikin ba ce. An haife ta a Pasadena a 1947. Ubanta mai goge takalma ne, ya mutu tana ƙarama. Uwarta aikatau take yi a gidajen Turawa, takan tafi da ita, yarinyar na ganin yadda ake shigar da uwar ta ƙofar baya, kuma uwar ce ke tsinto mata littattafan da masu gida suka yar. Tana da larurar da ke sa haruffa su riƙa rikice wa mai karatu, duk da haka tana 'yar shekara 10 ta matsa sai da aka saya mata tafireta. Da ta girma ta yi wanke-wanke, ta yi tallan kaya ta waya, ta yi aikin duba soyayyen dankali a masana'anta, tana tashi ƙarfe biyu na dare ta yi rubutu kafin ta fita aiki. Littafinta na farko ya fito a 1976. A 1995 ta zama marubuciyar ƙagaggun labaran kimiyya ta farko da ta samu kyautar MacArthur, wata babbar kyautar Amurka ta masu fasaha. Parable of the Sower kuwa bai shiga jerin littattafan da suka fi kasuwa na jaridar New York Times ba sai a 2020, shekara 14 bayan mutuwarta. Mace ta sha wannan wahalar, wani yaro yana zaune da jan biro yana ƙara mata littafi.

Sai dai fa gaskiya ɗaya ce. Da fushin ya ɗan lafa na koma kan Wild Seed don kada kuɗina ya tafi a banza, kuma ya fi sauran biyun kama ni. A 1980 ya fito. Tsohuwar nan Anyanwu ce, ta kai shekara 300 a duniya, tana warkar da cuta, tana iya sauya jikinta ta koma budurwa, ko damisa, ko gaggafa. Mai leƙen nata Doro ne, wanda ya haura shekara 3,000, shi kuma ba ya mutuwa don in jiki ya tsufa masa sai ya faɗa na wani, mai jikin ya mutu nan take. Sana'arsa tara mutane masu baiwa yana haɗa su aure don ya samu irin da yake so. Ya lallashe ta, ya haɗa da barazana a kan 'ya'yanta, ya sa ta a jirgin bayi zuwa wani ƙauyensa a yankin New York, da suka isa ya aurar da ita ga ɗansa. Sauran littafin jan igiya ne tsakanin mutum biyu da babu mai iya rabuwa da wani, shi yana ganin kowa dukiyarsa ne, ita tana lissafin abin da za ta haɗiye don 'ya'yanta su rayu. Matan da suka zauna gidan da ba sa so saboda yara za su gane ta tun kafin a yi nisa.

Akwai wurin da na yi dariya ni kaɗai. An ba Anyanwu abinci a sabon ƙauyen ta ci, da ta ji an sa madarar dabba a ciki hankalinta ya tashi, a wajenta ƙazanta ce babba mutum ya sha abin da aka yi don ɗan dabba. Ina karanta wajen da kofin fura da nono a gefena. Irin waɗannan ƙananan abubuwa ne suka nuna min matar ta zauna ta yi bincike, ba ta ɗauki Afirka a matsayin gari ɗaya mai al'ada ɗaya ba.

A nan har na fara tunanin in ƙara wa shagon tauraro, in ce kuskurensa ya zame min alheri. Sai na shiga kashi na uku, na shekarar 1840, inda Anyanwu ta gudu ta kafa gandunta a Luwiziyana, Doro ya gano ta. Ana tsakiyar magana na juya shafi, sai na ga ina karanta abin da na riga na karanta a wajen labarin jirgin ruwa. Na duba lamba. An maimaita wani dami na shafukan baya, waɗanda ya kamata su zo a wurin kuma babu su sam. Da na ɗaga littafin ga haske sai sauran suka fito: tawada ta yi kauri a wani shafin ta dushe a wani, rubutun ya karkace, gam ɗin ya fara saki daga tsakiya. Bugun jabu ne. Kamar ka sayi turmin atamfa, tela ya warware ya tarar an jona da wani yadin, jonin ma a yage.

Na sake tura masa hoto. Ya ce, "Hajiya ai duk na kasuwa haka suke, na asali kuɗinsa ba zai sayu ba." To da ka faɗa min tun farko mana, in zaɓa da kaina. A tallansa babu inda ya rubuta haka, kuma farashinsa ba na jabu ba ne, masu saye sun san abin da nake nufi. Na nemi ya karɓi kayansa ya mayar min da ko kuɗin guda ɗaya, ya ce ba sa karɓar littafin da aka karanta. Ta yaya mutum zai san shafi ya ɓace bai karanta ba?

Wani abin kuma, Wild Seed ɗin ma kan wani jerin ne daban, mai littafi biyar. Huɗu daga ciki an haɗe su a kundi guda mai suna Seed to Harvest. Na biyar ɗin, Survivor na 1978, ita da kanta ta tsane shi ta hana a sake bugawa. Don haka in kun ga wani ya ɗora tallan sababbi biyar cif, ku tambaye shi inda ya samo. Na Parable kuma biyu ne, duk wanda ya ce uku ku ce ya ɓare takardar ya ɗauko muku hoton bangon, ya kuma buɗa tsakiyar littafin a bidiyo kuna ganin lambobin shafi.

Yanzu Kindred nake nema, na 1979, na matar da ake fizgowa daga Los Angeles ta 1976 zuwa gandun bayi a Maryland. Shagon da zan shiga da ƙafata in juya shafukan da hannuna zan je. Shi kuwa shekaranjiya ya sake turo min saƙo, wai in shirya kuɗin mota, kaya sun kusa tasowa daga Legas.