Karatun kasuwancin ƙasa da ƙasa: zazzage buhun kafin ka biya kuɗin makaranta

A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya, saboda an riƙa samun maganin ƙwari a jikinsa fiye da yadda dokarsu ta yarda. Wake dai shi ne wanda ake aunawa a Dawanau ana ɗinke bakin buhu, mai saye yana nan, jirgin ruwa yana nan. Wata takarda da aka rubuta a Burasels, hedikwatar Tarayyar, ce ta rufe ƙofa. Aikin wanda ya karanci yanayi da cibiyoyin kasuwancin duniya ke nan: ya san wa ke rubuta irin wannan takarda, da wane ma'auni, kuma ta wace ƙofa ake bi a nemi a janye ta.

Sai dai jami'o'i suna sayar da kaya kala uku a buhu mai tambari kusan iri ɗaya, kuma ɗalibai da yawa sai sun shiga aji biyu suke gane ba abin da suka zo saye aka ba su ba.

Kala na farko yana zaune a sashen kimiyyar siyasa. A ABU Zariya, misali, akwai digirin nazarin harkokin ƙasa da ƙasa, akwai kuma digiri na biyu a fannin diflomasiyya. A nan za ka ji yadda aka haifi IMF da Bankin Duniya a taron Bretton Woods na 1944, da yadda ƙungiyar cinikayya ta duniya, WTO, ta gaji tsohuwar yarjejeniyar ciniki ta GATT a 1995, da dalilin da ya sa ƙananan ƙasashe ke kukan ana yi musu rabon kura a teburin. Karatu ne mai kyau ga mai son ma'aikatar harkokin waje, ko ECOWAS, ko aikin jarida. Amma in burinka ka fitar da riɗi, kana iya gama shekara huɗu ba wanda ya taɓa sa ka lissafa kuɗin kwantena ɗaya daga Kano zuwa Apapa.

Na biyu yana makarantun kasuwanci, irin ta Ɗangote da ke BUK ko ta Legas. Kamfani ne a tsakiyar hoto: yaushe zai tura kaya waje, yaushe zai nemi wakili a can, yaushe kuma zai je ya gina masana'anta da kansa? John Dunning na Jami'ar Reading a Ingila ya yi suna a kan wannan tambaya, kuma ba sai ka je nesa za ka ga amsarta ba, tunda siminti kaya ne mai nauyi da arha, shi ya sa Ɗangote ya gina masana'antu a Habasha da Sanigal da Zambiya maimakon ya riƙa jigila daga masana'antarsa ta Obajana a jihar Kogi. Raunin wannan kala a gida shi ne, sau da yawa kasuwancin ƙasa da ƙasa darasi ɗaya ne tal a cikin tarin darussa, a zango ɗaya a wuce.

Na uku shi ne na tattalin arziki da dokar ciniki, inda ake shiga cikin lissafin kuɗin fito, da canjin kuɗi, da kwantiragi. Shi ya fi wahala, kuma a ganina shi ya fi saurin kawo abinci.

To, yaya za ka bambance? Kada ka tsaya a hoton ginin da ke shafin jami'a. Nemi jerin darussan shekara-shekara, ka zauna da biro. Ni abubuwa huɗu nake nema. Shin ana koyar da haɗarin canjin kuɗi da misali na gaske? Wanda ya yi odar kaya daga Guangzhou a watan Mayun 2023, dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, ya wayi gari bayan Babban Banki ya saki naira a watan Yuni ta haura 700, ya san wannan darasi a jikinsa. Shin akwai Incoterms, wato ƙa'idojin da ke fayyace a wane wuri kaya ke fita daga wuyan mai sayarwa ya koma wuyan mai saye? Bambancin FOB da CIF haruffa uku ne a takarda, amma su ke faɗin wa zai biya kuɗin jirgi da inshora. Shin ana taɓa takardar lamunin banki da Form M, wato fom ɗin da mai shigo da kaya Najeriya ke cikewa? Sannan shin an ambaci Afirka ko sau ɗaya? An fara ciniki a ƙarƙashin AfCFTA, yarjejeniyar ciniki marar shinge ta Afirka, ranar 1 ga Janairun 2021, hedikwatarta tana Akara, kuma zuciyarta ita ce dokar asalin kaya: atamfar da aka saƙa a Sin aka buga mata zane a nan, ta Afirka ce ko ba ta Afirka ba ce? Manhajar da misalanta duka daga Amurka da Japan suke, ta tsufa a wurinmu ko da bara aka rubuta ta.

Sai maganar inda za a yi karatun.

Gida ya fi arha nesa ba kusa ba, kuma filin gwaji yana bakin ƙofa. Ɗalibin da ke Katsina in ya hau mota zuwa Jibiya ya ga abin da rufe iyaka da aka fara a Agustan 2019 ya yi wa cinikin shinkafa, ya fi wanda ya karanta shi a London. Abin da za ka sa a lissafi shi ne lokaci. Yajin aikin ASUU na 2022 kaɗai ya ci wata takwas.

Ingila tana da digiri na biyu na shekara ɗaya, kuma Leeds da Reading sun daɗe da suna a wannan fanni. Kuɗin makaranta ga baƙo a sanannun jami'o'i yakan haura fam 20,000, ban da haya da abinci, kuma tun Janairun 2024 mai irin wannan digirin ba ya tafiya da iyalinsa. In ba ka samu tallafi irin Chevening ba, wanda ke neman shekara biyu na aiki da alkawarin komawa gida, ni dai ba zan ce a sayar da gonar gado a kai ba. Jamus kuwa yawancin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin karatu, sai dai kafin biza za a ce ka ajiye sama da yuro 11,000 na shekara a asusun da ba ka taɓawa sai wata-wata.

Sin ta cancanci a duba ta da idon basira. A Beijin akwai jami'a guda, UIBE, da aka gina ta kacokan a kan kasuwanci da tattalin arzikin ƙasa da ƙasa, kuma gwamnatin Sin na ba da tallafin karatu. Wanda ya dawo Kantin Kwari yana jin Sinanci, ya san yadda ake magana da masana'anta ba tare da tafinta ya ci rabonsa ba, ya dawo da abin da takardar digirin ba ta rubuta ba. Turkiyya ma tana da tallafin gwamnati da ya haɗa da shekarar koyon yare.

Ga ɗan Maraɗi ko Damagaram, lissafin daban ne. Nijar tana ƙarƙashin dokar kasuwanci ta OHADA da aka rattaba wa hannu a 1993, Najeriya ba ta ciki. Sefa kuma a ɗaure take da yuro a kan sefa 655.957 duk yuro ɗaya, naira tana yawo yadda kasuwa ta so. Bayan Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, akwai makarantar koyon gudanarwa ta CESAG a Dakar. Yanzu da Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, wanda ya san dokokin ɓangarorin biyu, yana jin Faransanci da Turanci, ba zai rasa mai nemansa ba.

Duk inda za ka je a waje, ɗan Najeriya ya fara tabbatar da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya za ta tantance takardar, domin sai da ita ake zuwa bautar ƙasa. A Janairun 2024 an dakatar da tantance digirin Jamhuriyar Binin da Togo, mutane suka zauna riƙe da takardun da suka biya kuɗinsu.

In kuma har yanzu kana wasiwasi, WTO da cibiyar cinikin ƙasa da ƙasa ta ITC da ke Janiba suna da gajerun darussa a intanet, da yawansu kyauta. Ɗauki ɗaya a kan dokar asalin kaya, ka ba shi mako biyu a wayarka, kafin ka cike fom ɗin JAMB ko ka tura wa ejan ko sisi.