KoboCollect: yadda na same shi bayan sati uku ina yawo da shi gida-gida

Ƙawayena na sashen nas sun dame ni da tambaya a kan manhajar nan da muka yi aiki da ita a binciken malamarmu, to bari kawai na rubuta sau ɗaya kowa ta karanta na huta. Ina aji huɗu yanzu, kuma malamar da ke koya mana lafiyar al'umma ce ta ɗauke mu mu takwas, har da yara biyu daga sashen likitanci, muka shiga binciken da take yi a kan rigakafin yara 'yan wata 12 zuwa 23 a wata unguwa da ke bayan gari. Ni da na ji an ce bincike na zata irin wanda muka saba ne, a yi fotokofin takardar tambayoyi a ɗaure da roba a miƙo miki, ki cike ki dawo da ita ki kama gabanki. Ashe ba haka ba ne.

Kobo ɗin kashi biyu ne. Akwai shafin KoboToolbox da ake buɗewa a kwamfuta, can ake gina fom ɗin kuma can amsoshi ke taruwa, sai KoboCollect da ake saukewa a Play Store a wayar Android, shi ne na fita fili. Wasu masu bincike biyu ne, Phuong Pham da Patrick Vinck, suka faro shi a 2005, ya daɗe a ƙarƙashin Harvard Humanitarian Initiative a Amurka, kuma an gina na wayar ne a kan ODK Collect, wata manhajar tattara bayanai ta waya, shi ya sa in kin taɓa ganin masu aikin ƙungiyoyin agaji da ODK za ki ga kamar an tsaga kara. Akwai tsarin kyauta, har cikakkun fom dubu biyar a wata da ma'aji giga ɗaya, mu ko kusa da hakan ba mu je ba.

Abin da ya fi burge ni ba ya buƙatar netwok lokacin aiki. Ki sauke fom ɗin sau ɗaya a makaranta, shike nan, ko kina can ƙuryar ɗakin da ko kira ba ya shiga zai yi aiki, in kin dawo da yamma ki kunna data ki tura. Kuma fom ɗin yana tsallake tambaya da kansa. Misali in na tambayi uwa ko yaron yana da katin rigakafi ta ce eh ta ɗauko, sai ya buɗo min gurbin kwanan watan kowace allura, BCG (ta tarin fuka) ta ranar haihuwa, Penta (mai kare cuta biyar) ta sati 6 da 10 da 14, ta ƙyanda a wata 9. In ta ce katin ya ɓata ko yana gidan kakarsa, sai ya kai ni wasu tambayoyin daban, ko an yi masa ta cinya, sau nawa, in duba ko akwai tabo a damtsen hagu. A takarda nan ne mutum ke rikicewa ya cike inda bai kamata ba. Na taɓa kuskuren sa wata 32 maimakon 23, ya ƙi wucewa sam sai da na gyara, don an sa masa iyaka tun wajen gini.

To wajen ginin nan shi ne ainihin inda na ƙaru, kuma gaskiya wannan alherin Malama ne ba na manhaja ba. Da ta so da ita kaɗai za ta gina abinta ta turo mana. Sai ta zaunar da mu a ofishinta kwana biyu, ta buɗe Excel, don ana iya rubuta fom ɗin a can da tsarin da suke kira XLSForm sannan a ɗora, muka bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya muna juya su zuwa Hausa. Fom ɗaya yana ɗaukar harshe biyu, ki danna ki koma wanda kike so, kuma ƙ da ɗ da ɓ duk suna fitowa tas. Mun fi rabin awa muna musu a kan ƙyanda za a rubuta ko baƙon dauro, ɗaya daga cikin yaran likitancin ya dage a sa ɗaya kawai, na ce masa kai ba ka zama da tsofaffi ne, a ƙarshe duka biyun muka sa. Da na ce "Malama, tambaya ta sha huɗu fa kamar tana ɗora wa uwar laifi, ba za su faɗa mana gaskiya ba", sai ta yi shiru ta sake karantawa ta ce "to ke ya za ki tambaye ta?" Yadda na faɗa haka aka rubuta. Wallahi ranar har gida ina jin kaina.

Wani abu kuma da ya kamata ku sani tun da wuri, masu shirin zama gindin bishiya su cike fom ashirin da ka, ku manta. Kobo yana ajiye lokacin da kika buɗe fom da lokacin da kika rufe, ana kuma iya sa ya ɗauki GPS na ƙofar gidan. Kullum da dare Malama tana dubawa a laftof, da safe ta ce "wance, ya aka yi hirarki ta gida na biyar minti huɗu kacal?" Kunya kaɗai ta isa ta gyara mutum.

Wahalar da muka sha yawanci tamu ce. Rana ta yi zafi allon waya ba ya ganuwa, ga GPS na shan caji, ga ba wuta a hostel, rana ta biyu wayata ta mutu ana tsakiyar hira, sai da na ari fawa bank. Na yi kwana uku ban tura ba saboda ƙyashin data, da Malama ta ji ta ce in wayar ta faɗa kwata fa? Tun daga nan kullum nake turawa. Masu iPhone su sani manhajar ta Android ce, su sai dai su buɗe fom ɗin ta burauza. Sannan in kin riga kin tura, gyara sai a shafin kwamfuta wajen mai izini, don haka ki duba da kyau kafin ki rufe. Waya kuma ba ta buɗe miki ƙofar gidan mutane, sai da muka bi ta wajen mai unguwa da takardar izinin kwamitin ɗa'a, mazan cikinmu suna tsayawa a zaure don gidajen ba shiga ne, kuma wata dattijuwa da ta ga na ciro waya ta ce "'yar nan hotonmu za ki kai wa wa?" Sai da na ce "Baaba ba hoto ba ne", na juya mata allon na karanta mata bayanin neman yarda tiryan-tiryan kafin ta kira surukarta.

Da muka gama, ba wanda ya zauna shigar da amsoshi ɗaya-ɗaya a kwamfuta kamar yadda 'yan ajin gabanmu suka kwana suna yi. Danna ɗaya aka sauke komai a Excel aka wuce da shi SPSS, manhajar lissafin bincike. Kobo yana nuna ɗan jadawali sama-sama amma lissafin gaske ba aikinsa ba ne, kar ki ce da shi za ki rubuta babi na huɗu na firojek, na sakamako.

Malama ta gaya mana ƙarara cewa tattara bayanai kaɗai godiya ake wa mutum a ƙasan maƙala, wanda ke son sunansa a sama sai ya sa hannu a nazari da rubutu. Mu uku muka ce muna so. Ni an ba ni ɓangaren hanyar bincike, ranar Litinin zan kai mata shafi biyu, kuma na riga na buɗe nawa asusun na fara gina fom ɗin firojek ɗina na baɗi, a kan zuwa awo, ina tambaya ta tara.